Inda Shaida Ya Tsaya

Dokar ƙungiyar ce: ba a karɓar labarin haske sai an je an tsaya inda mai ganin ya tsaya. Malam Zainulabidin ne ya kafa dokar, kamar yadda ya kafa ƙungiyar kanta a bayan wani shagon cajin waya kusa da tashar Bodinga. Su kaɗan ne. Suna kiran kansu Masu Duban Sama, mutanen gari kuma suna kiransu marasa aikin yi. Duk wanda ya ga wani abu a sama da bai san ko mene ne ba, sai su neme shi, su tambaye shi, su auna, su ajiye a kwamfutar Malam. Yawanci abin a banza yake tashi. Ko jirgi ne mai sauka Sakkwato, ko taurarin ɗan Adam ɗin nan masu tafiya a jere kamar carbi, ko Zara ce ta fito da wuri. Amma akwai 'yan kaɗan da suka ƙi shiga kowane layi. Su suka riƙe Maniru a ƙungiyar tun da ya gama sakandare, sakamako bai yi kyau ba, ya koma jiran shagon kawunsa.

Doka ta biyu kuwa, ba a faɗin sunan shaida.

Shaidar wannan karon makiyayi ne, Sulaiman, daga wata ruga da ke gefen wata tunga can bayan Mandera, a ƙasar Shagari. Shi ya fara aika wa Malam saƙo ta waya, Malam kuma ya tura Maniru ya same shi ranar kasuwa. Suka tsaya a inuwar wata motar albasa. Dogo ne, siriri, ba ya kallon ido. Ya ce haske ne ja-ja, faffaɗa kamar faifai, ba ƙara, ba ƙyaftawa irin ta jirgi. Bayan faɗuwar rana ya bayyana, ya tsaya cak, ya rabu biyu, ya sake haɗewa, ya yi gabas. Larabar da ta wuce.

"Ina kat tsaya?" in ji Maniru.

"Yamma da tunga. Akwai rijiya mai karyayyen baki. Ka ba ta baya, ka tahi har giginya ta daidaita da hasumiyar masallaci. Nan na."

"Za ka raka ni?"

"A'a. Kuma kada a ji sunana."

"Ba mu hwaɗin suna."

Bai tambaye shi dalili ba. Mutane da yawa ba sa so a ce sun ga abu a sama, don gobe sai a fara yi musu kallon wanda iska ta taɓa.

Ya shiga bas zuwa Shagari bayan la'asar, daga nan ya hau kabu-kabu. Ya kamata ya fara zuwa ƙofar Maigari ya yi gaisuwa, ya faɗi abin da ya kawo shi. Ya sani. Amma rana ta yi ƙasa, shi kuma so yake magariba ta same shi a wurin, ya ga sama yadda shaidar ya gan ta. Ya ce in ya gama ya je ya gaisa.

Ya sami rijiyar. Ya ba ta baya, ya yi ta tafiya idonsa a kan giginya, har ta zo ta rufe hasumiyar masallaci. Da ya duba ƙasa sai ya ga a tsakiyar garkar albasa yake. Fangalin wurin duk sun rushe, ganye ya kwanta ya bushe, ga albasa a waje a farfashe rana ta dafa ta. Bai ba abin muhimmanci ba. Ya fito da waya ya nemi gabas da yamma, ya ɗauki hoton kowane gefe: tunga, hanyar shiga, bishiyoyi, rugar da ke can nesa. Ya sa alama a taswira. Ya miƙa hannu yana jera dunƙule a kan dunƙule daga ƙasa zuwa sama, yadda Malam ya koya musu auna tsawo.

Wani dattijo ya zo wucewa da jaki. Maniru ya gaishe shi, ya yi masa tambayoyin da suka saba yi don su cire abin da ba shi ba ne. Yaushe mutane ke barin garka da yamma? Masu gadin gari suna da tocila mai ƙarfi? Daga wane gefe suke tsayawa? Ana samun sabis na waya a nan?

Dattijon ya amsa ta farko. Ta biyu ya dube shi. Bai tsaya jin ta huɗu ba, ya kaɗa jakinsa.

Ko kiran salla ba a yi ba mutanen gari suka iso. Mutum biyu da bindigar toka, sauran da sanduna. Ba wanda ya doke shi. Sun dai kewaye shi, wani ya zare wayar daga hannunsa, wani ya riƙe masa riga ta baya, aka tafi.

Zauren Maigari ƙarami ne, ƙofarsa gajera. Aka zaunar da shi a ƙasa. Mutane suka cika bakin ƙofa har haske ya daina shigowa. Wayar tana yawo daga hannu zuwa hannu, kowa ya ga hanyar garinsu a ciki sai ya ɗago ya dube shi.

Maigari tsoho ne mai sanyin murya. Ya bari aka yi salla tukuna, Maniru ya yi tasa a kusurwa, mai bindiga na tsaye a kansa.

"Yaro, ɗan wa kake?"

Ya faɗi sunan mahaifinsa, Allah ya jiƙansa, da na kawunsa, da unguwarsu a Bodinga.

"Mi kaz zo yi garinmu ba sallama?"

"Ranka shi daɗe, na yi kuskure. Haske niz zo aunawa."

Wani ya yi dariya a bakin ƙofa. "Da mudu ko da tiya?"

"Hanya kaz zo aunawa," in ji mai bindigar. "Ka tambayi inda masu gadi ke tsayawa. Ka tambayi sabis. Mun san masu wagga tambaya, mun san wa suka kai ma amsa."

Ba sai an faɗi kalmar ba. Tun da aka fara kwasar mutane da shanu a garuruwan da ba su da nisa, kowa ya san ɓarayin daji ba sa shiga gari sai wani ya riga su ya duba musu. Maniru ya fara bayani da sauri, yana tuntuɓe da maganarsa: ƙungiya ce, akwai malamin makaranta a kanta, ga lambarsa. Ba garin ya zo dubawa ba, sama ce. Wani ne ya ga haske, dokarsu kuma sai an tsaya daidai inda ya tsaya. Shi ya sa ya shiga garkar. Daga nan aka gani, Larabar da ta wuce, bayan faɗuwar rana.

"Wace rana kac ce?"

Wani ƙaƙƙarfan mutum ne ya yi tambayar, mai furfura a gemu, yana zaune dama da Maigari.

"Laraba."

"Da magariba."

"I."

"Yana tsaye daidai inda anka iske ka."

"I."

Mutumin ya gyara zama. "Ranka shi daɗe, garkata ta. Kuma Laraba da magariba na shanu sunka shige ta."

Wani ya raɗa wa Maniru, kamar mai yi masa alheri, cewa Ɗanmusa ke nan, ƙanen Maigari. A hankali, daga bakin wannan da wancan, sauran labarin ya fito. An bi sawun shanun ya ɓace a burtali, inda garken baƙi ke wucewa kullum, sai aka ɗora wa masu wucewa. Amma bara da aka yi irin wannan ɓarna, Maigari ya tara 'yan ruga a wannan zauren ya gaya musu: in aka sake, ruga za ta tashi.

Sai a lokacin Maniru ya gane abin da ya sa Sulaiman ya ƙi rako shi.

"To," in ji Ɗanmusa. "Wa yag ga hasken?"

"Ba mu hwaɗin suna, Baba."

"Ku wa?"

"Ƙungiya."

"Ƙungiya." Ya juya kalmar a baki kamar ɗaci. "Yaro, ko dai wani yak kira ka, ka hwaɗi ko wane na, mu san kai ba ɗan leƙen asiri ba na. Ko kuwa ba wanda yak kira ka, mu san abin da kake. Wace ka ɗauka?"

Maniru ya dubi tabarma.

Maigari ya sa aka hau tudu inda ake samun sabis aka kira lambar Malam Zainulabidin. Aka dawo aka ce ya amsa, ya ce yaronsa ne, zai zo gobe in an tashi makaranta. Maigari ya ce to, yana jira zuwa la'asar. In an kawo abin da zai gamsar da jama'a, shi ke nan. In ba a kawo ba, shi ba zai iya riƙe mutanensa fiye da haka ba, zai miƙa shi ga hukuma a Shagari da sunan da aka kama shi da shi. Kowa a zauren ya san wanda aka kai da wannan sunan ba ya dawowa da wuri.

A ɗakin ajiyar albasa aka rufe shi. Ginin ƙasa ne, ba taga, sai wasu ramuka can sama da aka bari don iska. Albasa a shimfiɗe a kan karan dawa har kusan bakin ƙofa, shi kuma aka bar masa ɗan wurin da zai zauna, ba na miƙe ƙafa ba. Zafin bazara ya shige bangon tun rana bai fita ba. Warin ya shiga idonsa, ya shiga maƙogwaronsa, har tuwon da aka miƙo masa ɗanɗanon albasa yake yi. Ya yi tunanin Umma, mahaifiyarsa, da ya ce wa zai dawo kafin isha'i. Ya yi tunanin suna ɗaya ne kawai. Ya faɗe shi a zuci ya ji yadda yake da sauƙi.

Da safe aka fitar da shi ya kama ruwa ya yi salla, aka mayar da shi. Rana ta ɗan ɗaga sai ga Ɗanmusa. Ya buɗe ƙofar da kansa, ya tsuguna a bakinta, ya toshe ta da jikinsa.

"Ka kwana lahiya, mai auna sama?"

"Lahiya lau, Baba."

"Ƙarya kake, ba mai kwana lahiya cikin albasa. Ni da nika noma ta ba ni iyawa." Ya ɗauki guda ya murza ɓawonta. "Ni na san kai ba ɗan leƙen asiri ba na. Ɗan leƙen asiri ba ya tsayawa tsakar garka shina ɗaga hannu bisa awa mai kiran ruwa. Wauta ta ɗai ke damunka."

"To ka hwaɗa musu."

"In hwaɗa musu don mi?"

Ɗanmusa ya ci gaba da murza albasar.

"Wagga garka tun sanyi nike ba ta ruwa. Ni da ɗiyana. Saura kaɗan a cire." Bai ɗaga murya ba. "Ba ni son kowa shi mutu. So nike in san wa ke gaishe ni da sahe alhali ya san abin da yay yi. Ka ba ni suna, in ɗauke ka bisa mashin ɗina in kai ka har ƙohwar gidanku. Uwarka ta gan ka kahin azahar."

"Amana ta, Baba."

"Amanar wanda yab bar ka cikin albasa shina can shina shan nono?"

Ya jira. Da ya ga ba abin da zai fito, ya ajiye albasar a inda ya ɗauke ta, ya tashi, ya ja ƙofar.

Hantsi ya yi, aka canja mai gadi. Maniru ya ji tafiyar wancan ta yi nisa, wani ya zo ya zauna ya jingina da ƙofar. Can sai aka turo ƙaramar ƙwarya ta ƙarƙashin ƙofa, fura ce da nono.

"Sha," aka ce a hankali.

Ya gane muryar. Tun da tsoro ya shigo, Maigari ya sa 'yan ruga ma su riƙa shiga gadi, don a san ana tare. Yau layin ya faɗo a kan Sulaiman.

Maniru ya matso da bakinsa jikin katako. "Don mi ba ka hwaɗa min garka ta ba?"

"Ka ce inda nit tsaya. Na hwaɗa maka."

"Da shanu a ciki."

Sulaiman ya ce, "Ban kai su ba. Gida muka zuwa. Abin ya hito, na ɗaga kai. Ina bin shi da ido, ƙahwata na tahiya, su ma suna tahiya. Ban san tsawon lokacin ba. Da yaw wuce na duba ƙasa, ga ni cikin albasa, ga su suna ci." Ya ja numfashi. "Tun da nike ban taɓa sakin shanu da ido ba. Shi yas sa nike son in san ko mine na. Abin da zai sa in manta da shanu."

"Ka je ka hwaɗa musu haka."

"Su ce haske yac ci albasa?"

Maniru ya jingina goshinsa da ƙofar. Katakon da zafi.

"Baffana ya tsuhwa, ba ya gani," in ji Sulaiman. "Atika, matata, watan haihuwarta ya kama. A nan anka haihe ni, kabarin innata na bayan ruga. In anka ce mu tashi, ina muka zuwa? Duk inda baƙon Bafillace yas sauka yanzu, ka san kallon da aka yi mai."

"Ni hwa? In anka kai ni Shagari?"

"Kai kana da Malam. Kana da kawu, kana da gari. Za a hid da kai."

"Ka tabbata?"

Bai ce ya tabbata ba. Ya ce, "Ka sha furar kahin ta yi ɗumi."

Maniru ya sha. Ya tura ƙwaryar waje. Ba su sake magana ba, amma yana jin bayan mutumin a jikin ƙofar, duk motsin da ya yi katakon na amsawa. Su biyu suna jingine da abu ɗaya. Zafi ya ƙaru. Hasken ramukan sama ya sauko bango a hankali, ya zo kan albasa. Ya yanke a ransa ba zai faɗa ba, ya warware, ya sake yankewa. Daga baya ya daina yankewa, ya zauna kawai da bakinsa a rufe, yana jiran Malam. Malam ne ya kafa dokar. Malam zai san hanyar da za a bi ba tare da suna ba.

Bayan azahar ya ji ƙarar mashin.

Zauren ya fi jiya cika. An kira 'yan ruga ma, suna zaune daga gefen hagu da sandunansu a kwance, Sulaiman a cikinsu, kansa a ƙasa. Malam Zainulabidin ya shigo da farar riga da jakar kwamfuta, ya cire takalmi tun daga waje, ya durƙusa ya yi gaisuwa mai tsawo yadda ta kamata. Ya ba da haƙuri a kan rashin sallamar yaronsa, ya ce laifin nasa ne da bai ja masa kunne sosai ba. Maniru ya ga fuskar Maigari ta ɗan saki.

Malam ya buɗe kwamfuta. Ya nuna musu hotunan wurare daga Sifawa, daga Dange, daga bakin gulbi, duk irin waɗanda Maniru ya ɗauka. Ya nuna taswira mai ɗigo-ɗigo. Ya yi bayanin yadda ake bambanta jirgi da tauraro, har ya fara jin daɗin bayanin, ya manta ba aji ba ne. Dattawa suka leƙa, wasu suka gyaɗa kai.

"Mun gani," in ji mai bindigar jiya. "Amma taswirar garuruwa ta. Wa yas san inda taka zuwa? Mu dai a nuna muna wani yak kira shi nan."

"Suna," in ji Ɗanmusa.

Malam ya girgiza kai, yana murmushi. "Alhaji, ka gafarce ni. Suna ba zai fito daga bakina ba ko da za a rufe ni tare da shi. Wannan ita ce dokarmu, da ita mutane suka yarda da mu. A kwamfutar nan ma ba suna, lamba muke ba kowane shaida." Ya dubi Maniru da alfahari. "Amma akwai hanyar da za ku tabbata ba ƙirƙira muka yi ba, ba tare da an taɓa sunan kowa ba."

Ya sa hannu a aljihu ya fito da wayarsa.

Maniru ya gane. Shaidunsu ba masu rubutu ba ne, duk saƙonsu da baki suke aikowa. Malam ya saba kunna su a bayan shagon caji, a Bodinga, inda murya daga ƙauye murya ce kawai.

"Malam," ya ce.

"Yi shiru, manya na magana," in ji wanda ke bayansa, ya danna masa kafaɗa.

"Malam, kada..."

Malam ya ɗaga masa hannu alamar ya kwantar da hankalinsa, an kusa gamawa. Ya ƙara sauti har ƙarshe, ya ɗora wayar a kan tabarma gaban Maigari.

Iska ta fara fitowa, da kukan maraƙi can baya. Sannan sallama. Sannan murya, a hankali, mai jan ƙarshen magana: "Malam, an ce ku kuka tambayar abin da aka gani bisa. Ni na ga wani abu ran Laraba da magariba. Ban san ko mine na ba. Don Allah kada a hwaɗi sunana."

Ba wanda ya juya da farko. Mutanen nan tare suke sahu da shi a masallacin Juma'a, da shi suke ciniki, wasunsu tare suka yi wasan ƙasa. Muryar ta ci gaba, tana faɗin ja-ja, tana faɗin faifai. Maigari ya lumshe ido. Sai kawuna suka fara juyawa hagu, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa.

"Kun ji," in ji Malam, ya kashe. "Kun ji da kunnenku shi ma ya roƙa, kuma mun cika masa. To yaron nan ba..."

Ya tsaya, don ya ga ba shi ake kallo ba.

"Sulaimanu," in ji Ɗanmusa. Ba da faɗa ya kira shi ba. "Jiya da sahe ka ce min Allah shi mayar da alheri."

Sulaiman bai ɗago ba. Ya sa hannu ya jawo sandarsa kusa da gwiwarsa, sannan ya sake ta.

Maigari ya buɗe ido. Ya ce a ba yaro wayarsa. Ya ce wa Malam sun gode, Allah ya kiyaye hanya, kuma daga yau duk mai son auna sama a ƙasarsa ya fara biyowa ta ƙofar nan. Ya ce baƙi su ba su wuri, akwai maganar gida.

Maniru ya miƙe, ƙafafunsa sun yi tsami. Hanyar fita ta gefen hagu take. Ya zo daidai Sulaiman ya rage tafiya, yana neman abin da zai ce. Ban faɗa ba. Gaskiya ce, amma ba ta da amfani ga kowa. Sulaiman ya janye ƙafarsa ya ba shi hanya, shi ke nan. Na baya suka turo shi waje, jama'a suka rufe bakin ƙofar.

Malam ya tayar da mashin.

"Ban faɗi suna ba," ya ce. "Kai shaida ne, Maniru. Ban faɗa ba."

"Ba ka hwaɗa ba, Malam."

"To ta yaya..." Bai ƙarasa ba. "Hau."

Ya hau. Jakar kwamfutar ta shiga tsakaninsu tana tokare masa ƙirji. Hanyar fita ta bi ta gefen rugar. Wata mace mai tsohon ciki tana tsaye a bakin bukka, hannu ɗaya a ƙugu, ɗayan ta kare rana da shi, tana duban tunga. Da ta ji mashin ta tako zuwa bakin hanya, kamar mai son tambayar ko an tashi daga zauren.

"Malam, tsaya."

"Mu ce mata me?"

Malam ya ƙara wuta, yashi ya ja tayar baya, ta kama. Matar ta bi su da ido har suka shiga kwana.